Sensocin ƙofa da ke yawan sauka daga layi: kafin ka zubar da su, duba waɗannan

Wa alaikumus salam, Malam. Na ga tambayarka. Ka ce ka sa sensoci a ƙofofi da tagogin gidanka, da mai gane motsi a tsakar gida, amma duk sanda ka buɗe manhaja sai ka tarar wasu sun sauka, ka canza batir, ka sake haɗa su, bayan kwana biyu su koma gidan jiya. Kana neman shawara ko ka cire su ka sayi wasu. Kada ka sayi wasu sensoci tukuna. Haɗa kyamarori da ƙararrawa a gidaje ita ce sana'ata, kuma mafi yawan sensocin da ake kira na a kansu a ce sun mutu, lafiyarsu ƙalau. Abin da ke kewaye da su ne ke da matsala, kuma idan ka sayi sababbi ka ɗora a wuri ɗaya, irin wannan kukan za ka sake yi.

Saƙon da ke zuwa wayarka ba daga ƙofa kai tsaye yake tasowa ba. Sensa tana magana da ɗan akwatin da ke tattara saƙonninsu, wanda masu sayarwa ke cewa hob ko getwe, shi kuma ya miƙa wa rauta, rauta ta tura ta intanet zuwa kamfanin, daga can ya dawo manhajarka. Ko ina aka samu yankewa a wannan hanya, abu ɗaya manhaja za ta nuna maka: sensa ba ta kan layi. Don haka aikin farko shi ne ka samu takarda ka riƙa rubuta wacce ta sauka, da ƙarfe nawa, da abin da ya faru a gidan a lokacin. Kwana uku ko huɗu sun isa. Idan duka suke sauka a tare, ba laifin sensoci ba ne, matsalar tana hob ko rauta ko data. Idan guda ɗaya ko biyu ne kullum, kuma su ɗin ne dai, to wurin da aka manna su ne ko batirinsu. Idan kuwa saukar tana biyo bayan ɗauke wuta ko tayar da janareta, ka riga ka samu amsarka.

Na fi zargin wuta, saboda kayan nan an ƙera su ne da tunanin gidan da lantarki ba ya ɗaukewa. A wurinmu kuwa NEPA ta ɗauke, a koma inbata, a tayar da janareta, a dawo da wuta, duk a yini ɗaya. Kowace sauyawa rauta da hob suna mutuwa su sake tashi. Hob yakan riga rauta farkawa, domin rauta mai ɗauke da sim tana iya cin minti ɗaya ko biyu kafin ta kama sabis ta fara ba da Wi-Fi. Hob ya nemi Wi-Fi bai samu ba, wasu su ci gaba da nema har su samu, wasu kuma su tsaya nan har sai an zare su an mayar. Maganin wannan ba shi da tsada. Akwai ƙaramin UPS na rauta, wato ɗan akwati mai batir da ke ci gaba da ba da wuta idan an ɗauke, mai fitar da 12V da 9V da 5V, ka duba bayan cajar rautarka ka ga nawa take sha, ka ɗora ta da hob ɗin a kai. Kada ka dogara da fawabank na waya, domin da yawansu suna yanke wuta na ɗan lokaci a duk sanda caji ya shigo ko ya ɗauke, kuma wannan ɗan yankewar ta isa ta sake tayar da hob daga farko. Idan hob ɗinka yana da ramin kebul na intanet, haɗa shi da rauta da kebul, ka raba shi da Wi-Fi gaba ɗaya.

Yanzu ka cire sensa ɗaya ka duba bayanta ko kwalinta, domin sauran bayanin ya danganta da irin wadda ka saya. Za ka ga an rubuta Wi-Fi, ko Zigbee, ko Z-Wave, ko 433MHz, wato hanyar da sensar ke aika saƙonta ta iska.

Idan Zigbee ce, to akwai wani abu da masu sayarwa ba sa faɗa. Na'urorin Zigbee suna miƙa wa juna saƙo, kamar yadda leburori ke miƙa kwanon kankare hannu zuwa hannu ranar zuba dakin. Amma ba kowacce ke miƙawa ba. Masu batir barci suke yi don kada batir ya ƙare, suna farkawa ne kawai su aika nasu saƙon su koma. Masu miƙa na wasu su ne waɗanda ke jone da wuta, kamar soket da kwan fitila masu Zigbee. Kowace sensa mai batir tana da guda ɗaya da ta riƙe, ta nan saƙonta ke bi. To ka ga idan sensar ƙofar baya ta riƙe kwan fitilar kicin, uwargida ta kashe makunnin bango da dare, hanyar sensar ta yanke ke nan. Haka idan soket ɗin da ta riƙe yana layin NEPA, hob kuma yana layin inbata: wuta na ɗaukewa hob yana raye amma wanda ke tsakani ya mutu. A ƙa'ida sensar za ta nemi wani ta riƙe, sai dai wasu suna da taurin kai, ba sa sakin na farko har sai an danna maɓallinsu an sake haɗa su. Shi ya sa nake cewa duk soket ɗin da aka sa don ya ƙara nisan zango, a sa shi a layin da ba ya mutuwa, a wurin da yara ba za su zare shi su sa cajar waya ba. Ni ba na ƙirga kwan fitila a cikin masu miƙa saƙo ko kaɗan, tunda ba wanda zai hana mutanen gida taɓa makunni.

Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne a zauna a falo kusa da hob a haɗa sensoci duka, sannan a ɗauka a kai su ƙofofi. Sensar ta riga ta riƙe hob kai tsaye, ka kai ta can ƙarshen gida, ga soket mai miƙa saƙo a kusa da ita amma ba ta san da shi ba. Ka haɗa kowacce a inda za ta zauna. Bayan ka gama kuma ka ba su yini guda su daidaita, kada ka yi ta cirewa da mayarwa.

Zigbee da Wi-Fi duk a zangon 2.4GHz suke aiki, kuma muryar Wi-Fi ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Idan hob yana zaune a kan rauta ko manne da ita, kamar yadda nake tararwa a yawancin gidaje, da ƙyar yake jin sensocinsa. Raba su da mita ɗaya ko biyu, ka ɗaga hob sama, ka fito da shi daga bayan talabijin ko cikin kabad. Wi-Fi yawanci a tasha ta 1 ko 6 ko 11 yake zama, Zigbee kuma tana da tashoshi daga 11 zuwa 26, kuma 15 da 20 sun faɗa a tsakanin na Wi-Fi ɗin, 25 kuma tana sama da su. Idan manhajarka ta ba da damar canzawa, ka zaɓi ɗaya daga ciki, amma ka sani wasu sensocin sai an sake haɗa su bayan canjin. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka shiga saitin rauta ka tsayar da ita a tasha ɗaya, ka hana ta yawo da kanta. Na'urar ɗumama abinci ta maikrowef ma a 2.45GHz take aiki, haka ramin USB 3.0 yana fitar da hayaniya a wannan zango, don haka kada hob ya zauna kusa da su.

Idan kuma sensocin masu Wi-Fi ne kai tsaye, ba hob, to ka sani kusan dukansu 2.4GHz kawai suke ji. Sababbin rautoci suna haɗa 2.4GHz da 5GHz a ƙarƙashin suna ɗaya, wannan yakan rikita su. Raba sunayen biyu, ka sa sensoci a na 2.4GHz. Sannan in da ƙaramar MiFi kake amfani, da yawansu ba sa ɗaukar fiye da na'urori goma zuwa sha shida, ka ƙirga wayoyin gidan da talabijin da kyamarori ka gani. Idan ta cika, sensar da ta farka daga barci ba za ta samu wuri ba. Wasu MiFi ɗin kuma suna kashe Wi-Fi da kansu don adana batir. Gaskiya ni ba na son sensa mai batir da ke kan Wi-Fi, cin batirinta ya yi yawa, kuma duk ranar da ka canza kalmar sirri sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Z-Wave ba ta cika yawa a kasuwanninmu ba, sai a kayan da aka shigo da su na hannu. Abin lura kawai shi ne ta Amurka tana aiki a 908.42MHz, ta Turai a 868.42MHz, kuma ba sa jin juna. Masu 433MHz kuwa, waɗanda ke zuwa da ƙararrawa mai sim, suna ratsa bango fiye da sauran, amma masu arahar cikinsu aika saƙo kawai suke yi, ba a tambayarsu ko suna nan. Irin waɗannan ba za su taɓa nuna maka sun sauka ba ko da batirinsu ya mutu tun bara. Wanda ke da su yana cewa nasa ba sa ba shi matsala, ya je ya buɗe ƙofofin ɗaya bayan ɗaya ya gani.

Sai ginin kansa. Gidajenmu bulo ne da kankare da rodi, ƙofofin ƙarfe, tagogi da ƙarafunan tsaro, sama kuma kwano. Nisan da aka rubuta a kwali a fili aka auna shi. Bango biyu ko uku na bulo sun isa su raunana saƙo, dakin mai rodi tsakanin ƙasa da bene ya fi su duka. Ƙofar ƙarfe kuma ɓarna biyu take yi. Eriyar sensa 'yar ƙarama ce a cikin robar, idan ta kwanta a jikin ƙarfe ƙarfinta yana raguwa sosai. Sannan sensar ƙofa ɓangare biyu ce, ɗayan maganaɗisu ne, kuma ƙarfen yana janye ƙarfinsa, sai manhaja ta riƙa cewa ƙofa a buɗe take alhali a rufe take. Ka yanko ɗan katako ko roba mai kaurin santimita ɗaya ka sa a ƙarƙashin kowane ɓangare, ka kuma tabbatar tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce faɗin ɗan yatsa ba idan an rufe. Idan manhajar tana nuna ƙarfin sigina, daga -50 zuwa -70 babu damuwa, abin da ya kai -80 ko ya wuce to a bakin gaɓa yake, yau ya yi gobe ya ƙi. Na get ɗin waje kuwa, shawarata ka ja masa waya kawai. Sensa mai waya biyu ba ta da batir, ba ruwanta da sigina, kuma rana da ruwan sama ba sa cin ta kamar mai batir.

Ka ce kana canza batir su dawo sannan su sake sauka. Wannan bai nuna batir ne ba, domin cire batir da mayarwa yana tilasta wa sensa ta sake neman hanya, ko tsohon ka mayar za ta dawo. Amma a duba shi duk da haka. Batiran CR2032, masu kama da kwabo, da ake sayarwa a kati a bakin titi da yawa sun daɗe a ajiye cikin zafi, ko kuma jabu ne. Ka sa mitar awon batir ta nuna maka 3V, amma da sensa ta zo aika saƙo sai ƙarfin ya faɗi. Kason da manhaja ke nunawa ma ba abin dogaro ba ne, domin irin wannan batir yana riƙe ƙarfinsa har kusan ƙarshe sannan ya faɗi lokaci ɗaya. Sensar da siginarta ke da rauni kuma tana maimaita saƙo sau da yawa, don haka ta fi 'yan'uwanta saurin cinye batir. Idan guda ɗaya ce ke cin batir a gidan, wurinta za ka gyara. Zafin watan Afrilu a jikin ƙofar ƙarfe da ke kallon rana yana rage masa kwana, ƙurar hunturu kuma tana shiga tsakaninsa da ƙarfen da ke taɓa shi. Goge wurin, ka ɗan ɗaga ƙarfen idan ya kwanta. Tsofaffin batiran kuma a kawar da su daga inda yara suke, haɗiye su yana ƙona maƙogwaro cikin sa'o'i kaɗan.

Akwai kuma lokacin da komai lafiya amma saƙo ba ya zuwa wayarka, saboda wayoyin Android da yawa suna kashe manhajojin da ke aiki a ɓoye don adana caji. Shiga saitin batir ka cire manhajar daga cikin waɗanda ake taƙaitawa. Idan ƙararrawarka mai sim ce, ka tabbatar layin yana da kuɗi, an haɗa shi da NIN, kuma ana ɗan amfani da shi, domin layin da ya daɗe ba motsi kamfani yana rufe shi.

Wasu za su ce maka ɓarayi ne ke toshe sigina. Na'urar yin haka tana nan, amma matsalar da ke maimaita kanta kullum da rana tsaka a ƙofa ɗaya ba aikinta ba ne. Gwajin da ya fi muhimmanci ga tsaronka shi ne wannan: kunna tsaro, zare sim ko kebul na intanet daga rauta, ka buɗe ƙofa. Idan jiniya ta yi ƙara a cikin gida, tsarinka yana aiki ko babu intanet. Idan shiru ka ji, to duk ranar da data ta ƙare gidan ba shi da ƙararrawa, kuma wannan ya kamata ka fara gyarawa kafin batun sauka daga layi.

Bayan wannan gwajin, ka fara da UPS ɗin da raba hob da rauta, ka yi rubutun nan na kwana uku. In ba su daina ba, ka turo abin da aka rubuta a bayan sensa da hob, da yawan bangon da ke tsakaninsu, da lokutan da suke sauka, sai mu duba tare. Allah ya tsare mana gidajenmu.