Tambayoyin Lafiya: Zawon jini da dafin da ƙwayar cuta ke aikowa

Tambaya: Likita, idan na tafasa ɗumamen shinkafa sosai, ai shi ke nan ko?

Amsa: Ba kullum ba. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, amma wasu suna barin dafin da tafasa ba ta lalata shi. Shinkafar da ta kwana cikin zafi, in ba firji, a haƙura da ita.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara biyu yana zawo kwana uku, yau na ga jini. Kakarsa ta ce haƙori ne. A kemis sun ba ni cipro, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da maganin tsayar da zawo. In ci gaba da ba shi?

Amsa: 'Yar'uwa, ajiye su ki kai yaron nan asibiti yau. Fitar haƙori ba ta kawo jini a bayan gida, kuma maganar nan ta jawo mana asarar yara da yawa.

Ga abin da nake jin tsoro. Akwai jinsin ƙwayar E. coli da ke zaune a hanjin shanu, tana zuwa mana ta naman da bai dahu ba, da madarar da ba a tafasa ba, da ganyen da aka yi wa ban ruwa da ƙazamin ruwa. Idan ta shiga hanji, fatar jikinta kan ɓalle 'yan ƙulluka mitsi-mitsi, kamar ƙullin leda, kowanne ɗauke da furotin iri-iri, har da wani dafi da ake kira Shiga. Ƙwayar tana nan cikin hanji, amma dafin yana ratsawa cikin jini, ya farfasa jajayen ƙwayoyin jini, ya kama ƙoda. A Jamus a shekarar 2011, wata 'yar'uwarta da ta biyo tsiron hulba ta kwantar da mutum kusan 4,000, sama da 50 suka rasu, duk da ingancin asibitocinsu.

Abin da mai kemis bai gaya miki ba: cipro yana takura wannan ƙwayar, ita kuma sai ta ƙara fitar da dafi. Maganin tsayar da zawo kuwa yana riƙe dafin a ciki. Yana ƙona mini rai a miƙa wa uwa waɗannan biyun babu wanda ya duba yaron. Gaskiya ne akwai atinin da dole sai da maganin kashe ƙwayoyi, amma likita ne zai bambance, ba a teburin kemis ba.

Kafin ki isa, ki riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan: lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada ki hana shi abinci. Kuma ko zawon ya tsaya, ki sa masa ido, domin ciwon ƙodar yakan bayyana kamar mako guda bayan fara zawon. Fitsari ya ragu, fuska ta kumbura, tafin hannu ya yi fari, yaro ya langaɓe: ki koma asibiti ko tsakar dare ne.

Tambaya: Ƙullukan nan da ƙwayoyi ke saki, suna da wani amfani?

Amsa: Suna da shi. Da irinsu aka haɗa rigakafin sanƙarau nau'in B a Kuba tun shekarun 1980, kuma ana gwada hanyar a kan cututtukan ciki. Kafin a samu rigakafin, wanke hannu da sabulu da dafa nama ya dahu har ciki su ne kariyarmu. Wanda ya ga jini a bayan gida, babba ko yaro, ya je asibiti.