Tabo a jikin tsofaffin kuɗi: wanne ne ke karya farashi?

Wani ɗan kasuwa da ke sai da tsofaffin kuɗi a Kurmi ya turo tambaya, wai ya haɗa su kwabo mai huji da sule da liyari (tsohon babban kuɗin azurfa) ya tura ma wani mai saye hoto, mutumin ya ce duk sun ji ciwo ya zabge masa rabin farashi, alhali shi sai da ya wanke su suna sheƙi kafin ya ɗau hoton. Yana so ya san me ke jawo tabon.

Alhaji, wankin nan da ka yi shi ne ya cinye ma riba. Masu tara tsofaffin kuɗi ba sa son sheƙi, duhun da shekaru suka ɗora wa kuɗin shi suke biya. In ka goge da toka ko Brasso ko soson ƙarfe, sai ka bar wasu siraran layuka masu tafiya jere gefe ɗaya, ido ba ya gani sosai amma ka haska tocilar waya daga gefe kana juya kuɗin a hankali za ka ga sun fito rututu. Lemon tsami da tsamiya kuma cin fuskar ƙarfen suke, ya koma fayau ba armashi, kuma ba ya gyaruwa.

Ka samu gilashin nan na masu gyaran agogo ka duba abu ɗaya: layin ya nutse ciki ne ko ya taso sama? Wanda ya nutse ya haye kan rubutu da kan sarki, bayan an buga kuɗin ya same shi, rauni ne. Wanda ya taso kamar jijiya daga masana'anta ya zo, ƙarfen da ake bugawa da shi ne ya tsage ko aka goge shi, wannan ba laifinka ba ne, wasu ma nemansa suke, kar ka bari a rage ma ko sisi a kansa.

Ƙananan sara nan da can kuwa gogayya ce, kuɗi na dukan juna a buhu ko gwangwani. Kore-koren da ke kan kwabo na tagulla danshin damina ne. In koren yana danƙo to ledar da ka sa shi ce, irin mai laushin nan tana fitar da sinadari. Robar ɗaure kuɗi tana barin baƙin layi a azurfa, zufar yatsa ma in ta daɗe zama take daram.

Liyari kam ka juya shi da kyau, da yawa an yi ado da su a wuya ko a gashi, za ka ga gurbin dalma ko hujin da aka toshe, ko inda maƙeri ya ɗan gurza baki don gwada azurfa. Kuma kar shekarar 1780 da ke rubuce a jikinsa ta ruɗe ka, shekarar nan aka ci gaba da bugawa a kansu har sama da ƙarni biyu bayan nan. Na gaske gram 28 ne, in ya gaza sosai ga ƙananan ramuka kamar ƙuraje, zubi ne jabu.

Kayan da suka rage ma hannu kar ka taɓa su da komai, ka riƙa kamawa ta baki, kowanne da ambulan ɗinsa. Waɗanda ka riga ka wanke ka ware su daban, ka faɗa ma mai saye tun farko an wanke, ka sa musu farashinsu.