Me ya sa ba a haɗa gwani da gwani a ƙwallon ƙafar Amurka?

Yarona, jiya bayan atisaye ka tare ni ina kwashe kaya ka ce, "Oga, tunda kwanabak ɗinmu na dama ya fi kowa ƙafa, me zai hana a liƙa shi jikin babban mai cafken ƙwallonsu, duk inda ya shiga ya bi shi?" To, jawo benci.

Ana yin haka, in kana da kwanabak, wato mai tsaron baya da ke bin mai cafke, irin Darrelle Revis. A 2009 Rex Ryan, kocin New York Jets, kan nuna masa mutum guda ya ce naka ne, sauran goma su ji da ragowar fili. Amma irinsa nawa ake haifa? Ga shi doka ba ta bayanmu. Tun 1978, saboda yadda Mel Blount na Pittsburgh ke murƙushe masu cafke, aka hana bangazarsu bayan yadi 5 daga layin farawa. In kuwa ka riƙe mutum ƙwallo na sama, a NFL, babbar gasar wasan a Amurka, nan inda ka yi laifin za a ajiye ta, ko da yadi 40 ne. Ɗanka da baya yake gudu, abokin karawarsa ya san inda za shi, shi bai sani ba.

Ni dabarar da koci Bill Belichick ya sha yi a New England ta fi kwanta min. Gwaninka ya riƙe na biyunsu shi kaɗai, don zai iya. Babban nasu kuma a sa masa mutum biyu, kwanabak a ƙasa, sefti, mai tsaron can baya, a samansa. Ka rufe ƙofa biyu ke nan. Da ka haɗa gwani da gwani, ko ya yi nasara, ƙofa ɗaya ka rufe, kwatabak kuwa, wato mai jefa musu ƙwallo, ba ruwansa da jarumta, raunanniyar kafa yake nema.

Sannan bin mutum tona asiri ne. Su tura mai cafke ya ratsa fili kafin a saki ƙwallo, ɗanka ya bi shi a guje, shi ke nan ka sanar da su mutum-da-mutum kuke yi, ba tsaron yanki ba. Lokacin da kwanabak Richard Sherman yake Seattle, galibi ba ya barin ɓangaren hagu, kowa ya zo nan zai same shi.

Wanda ya kamata ya hana ka barci shi ne mai tsaron baya na biyar, nikel. Sunan daga kwandalar Amurka ta santi 5 aka ɗauko shi, na shida kuma daim. Da can huɗu ake sakawa, yanzu da masu kai hari ke fito da masu cafke uku, nikel ya zama abincin kullum. Kwanabak na waje layin gefe ɗan'uwansa ne, yana matse mutum can. Nikel a ciki yake, ana iya karya masa dama ko hagu, ga katon da zai tare in an ruga da ƙwallo. Shi ya sa nake ce musu ido a kan ƙugu: kai da kafaɗa kan yi ƙarya, ƙugu ba ya yi.

Duba wasan ƙarshe na NFL na Fabrairun 2025, Philadelphia 40, Kansas City 22. Vic Fangio, kocin tsaron Philadelphia, bai ƙara ko mutum ɗaya kan masu farautar Patrick Mahomes, kwatabak ɗin Kansas City, ba, huɗun gaba sun ishe shi, bakwai suka zauna a baya. Cooper DeJean, nikel, sabon shiga, ranar da ya cika shekara 22, ya tsaya a yankinsa yana karanta idon Mahomes, ya shiga gaban ƙwallo ya cafke, ya ruga yadi 38 ya ci.

Yau da daddare ka kunna bidiyon abokan karawarmu na Asabar. Kar ka kalli ƙwallo. Rubuta min wa suke sakawa a ciki in an kai yunƙuri na uku cikin huɗun da ake ba masu kai hari, da ɓangaren da yake karyawa. Ka kawo takardar kafin yara su iso.