Ƙanwarki da ta kuɓuto: ina za ki kai ta?

'Yar'uwa, kin ce ƙanwarki ta kuɓuto daga hannun Boko Haram bayan an yi mata fyaɗe, ba barci, ba magana, kina neman ƙungiyar mata da za ta riƙe ta.

Asibiti tukuna. Cikin awa 72 bayan fyaɗen akwai maganin kariya daga ƙanjamau. Ko an daɗe ma, a duba ta. A Maiduguri ki nemi Gidauniyar Allamin ta Hajiya Hamsatu Allamin. Gidauniyar Neem ta Dakta Fatima Akilu kuma ta ƙware wajen kwantar da hankalin waɗanda suka ga tashin hankali.

Don Allah kada ku tsare ta da tambayoyi, kada a gaggauta aurar da ita wai don rufin asiri. Idan ta ambaci kashe kanta, a kai ta wurin likita a ranar.