Ɗakin kamun kifi a kan ƙanƙara: a sa wa daɓensa soso ko a bar shi haka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a wata masana'anta a St. Cloud, jihar Minnesota a Amurka. Ni da wani Bature abokin aikina mun haɗa kuɗi mun sayi tsohon ɗakin kamun kifi mai taya, irin wanda ake ja a ajiye a kan tafki idan ya daskare. Bango da rufi an sa musu abin tare sanyi, daɓen kuwa falanki ne zalla. Shi ya ce a bar shi haka, wai ɗumin da ke sauka ne ke hana ramukan da ake fasawa a ƙanƙara don kamun kifi daskarewa. Ni kuma ina tsoron taɓa kuɗin da nake turawa gida. Ya kuma ce a rubuta sunana a jikin ɗakin. Mene ne shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ku sa wa daɓen soso, musamman idan za ku riƙa kwana a ciki.

Maganar abokinka tana da ƙamshin gaskiya, amma ɗumin da yake yabo shi ne zai ba ku wahala. Zafin hita yana ratsa falanki ya narkar da ƙanƙarar da ke ƙarƙashi, ruwa ya kwanta, da kun kashe hita kun tafi ya sake daskarewa ya riƙe ƙarfen ɗakin gam. Ranar ɗaukewa sai da jak da gatari. Ga asarar gas, ga ƙafa da ke ƙagewa alhali kai yana gumi, balle wanda zai kai goshi ƙasa a sallar asuba cikin Janairu. Ramukan kuwa akwai robar da ake zurawa daga daɓe zuwa bakin ƙanƙara, tana tare iska. A ɗora ɗakin kan katako, a tara dusar ƙanƙara a gefensa, shi ke nan.

Abin da za a sa shi ne allon soso mai tauri, ruwan hoda ko shuɗi, mai kaurin inci 1.5 zuwa 2, a yanka a cusa tsakanin ƙarafunan ƙasa a toshe gefe. Kumfar da ake fesawa daga ƙarƙashi ta fi shi kama kowane lungu, sai dai ta fi tsada. Kada ku yarda da audugar gilashi irin ta bangon gida, tana shan ruwa ta ruɓar da falanki. Tunda hidimar gida na kanka, ku sayi allon ku sa da hannunku, ku raba kuɗin biyu. Ba abin da zai sa ka rage wa mahaifa kuɗin wata saboda wannan.

Abin da ya fi damuna shi ne numfashi. Ɗakin da aka toshe ko'ina, ga hitar gas tana ci, daidai yake da kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari, ciwon kai da jiri da barci take sa mutum, kuma ta kashe masunta a irin waɗannan ɗakuna. Ka sayi na'urar da ke ƙara idan ta ji iskar, da sabon batir, tun kafin ka sayi soson. Kafofin shan iska kuma kada a toshe su komai sanyi.

Batun suna ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar, wato DNR, tana buƙatar lasisi ga duk ɗaki mai taya da aka ajiye a kan ƙanƙara, daban da lasisin kamun kifi, kuma a rubuta shaidar mai shi a waje da baƙaƙe masu tsayin inci 2. Wanda sunansa ke jiki shi za a nema idan wa'adin kwashewa ya wuce, wato farkon Maris a kudanci da tsakiyar jihar, tsakiyar Maris a arewa. Tun 2023 barin shara a kan ƙanƙara yana jawo tarar dala 100, katakon da kuka ɗora ɗakin a kai ma sai kun kwashe. Idan kana da takardu a gaban hukumar shige da fice, ba ka son wata tara da ba a biya ba tana yawo da sunanka. Idan za ka karɓa, ku rubuta yarjejeniya ku sa hannu: wa zai biya lasisi, wa zai janye ɗakin, a wace rana. Wajen sayen lasisi ka faɗi gaskiyar matsayinka, na mazauna jiha sai wanda ya cika kwana 60 da zama.

Kafin ku hau Mille Lacs ko wani tafki, ku auna kaurin da kanku. Inci 4 na sabuwar ƙanƙara garai-garai na mai tafiya da ƙafa ne kawai. Babbar mota da ke jan ɗaki mai taya sai inci 20 ko fiye, farar ƙanƙara kuma a ninka lissafin.