Buntun shinkafa zai iya ba ni wutar lantarki?

Tambayar farko ta wannan makon daga wani mai injin casar shinkafa ce a Kura, jihar Kano. Ya ce: "Ina casar shanshera kamar tan 10 a rana. Kuɗin man janareto ya kusa cinye ribar, ga buntu ya taru a bayan injin kamar tsauni. Wani dillali ya nuna mini hoton na'urar da ake kira ORC, wai da buntun kaɗai za ta ba ni wuta da ruwan zafi. In saya?"

Alhaji, dillalin bai yi maka ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa maganar ba. Na'urar tana aiki ne kamar injin tururi, amma maimakon ruwa ana zuba mata wani sinadari mai saurin tafasa. Irin wanda ake kira fentan yana tafasa tun a digiri 36, wato ko ranar Kano ta watan Afrilu ta ishe shi. Ana ƙona buntu, a ɗumama wani mai zuwa kamar digiri 300, man ya tafasa sinadarin, tururinsa ya juya farfela, farfela ta juya janareto. Daga nan sai a sanyaya tururin ya koma ruwa, kuma zafin da aka zare masa shi ne ruwan zafin da aka yi maka alkawari. Kamfanin Turboden na garin Biresha a Italiya tun 1980 yake wannan sana'a, kuma garuruwa da dama a Ostiriya da Jamus da irin wannan na'ura suke ƙona guntayen katako, su sami wuta, su kuma ɗumama gidaje.

Ga inda gizo ke saƙar. A cikin zafin da ya shiga na'urar, kashi 18 zuwa 20 cikin 100 ne ke zama lantarki, shi ma a manyan na'urori. Sauran kusan duka ruwan zafi ne mai digiri 80 zuwa 90. Turawa suna cin riba ne saboda suna da masu sayen wannan ruwa a lokacin sanyi. Kai wa zai saya? Amsarka tana cikin harabarka: idan kana yin gumi da kanka, jiƙa shanshera na son ruwa mai digiri 60 zuwa 70, busarwa kuma na son iska mai ɗumi, duk wannan ruwan zai yi. Turarawar ce kawai ba zai yi ba, dole ka ɗebi tururi daga tukunyar tururi kai tsaye. Idan kuwa mata ne ke kawo maka gumi a shirye, kai casa kawai kake yi, to kashi huɗu cikin biyar na zafin zai tashi a iska.

Mu yi lissafi. Buntu kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyin shanshera, wato tan 2 a rana ke nan. Idan an cire asarar tukunya, na'ura mai kyau za ta ba ka abin da bai wuce kilowat 40 ba dare da rana, ƙaramar na'ura kuwa ƙasa da haka sosai. Su kuma na'urorin da suka yi suna yawanci daga ɗaruruwan kilowat suke farawa. Buntunka ba zai ciyar da su ba, sai in za ku haɗa kai da maƙwabtanka masu injina. Kar ka manta da toka: kusan kashi 20 na buntu toka ce mai kaifi kamar yashi, tana cin ƙarfen tukunyar da ba don ita aka ƙera ba.

Ni dai shawarata, idan kana yin gumi da kanka, fara da tukunyar tururi mai cin buntu da na'urar busarwa, ka daina sayen itace. Idan dillalin ya dawo, ka ce ya rubuta maka kilowat nawa za ta bayar a ranar da zafi ya kai digiri 40, kuma wane makaniki ne a Kano ya taɓa kwance irinta.

Tambaya ta biyu daga wata Hajiya ce mai makarantar kwana. Ta ga a intanet cewa ruwan da rana ta ɗumama zai iya juya irin wannan na'ura, tana son ta jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ruwan wanka da wutar karatu.

Hajiya, ki ajiye kuɗinki. Ƙarfin na'urar ya dogara ne da tazarar da ke tsakanin zafin da ya shiga da sanyin da ke jira a ɗaya ɓangaren. A Cena ta jihar Alaska a Amurka, tun 2006 ake samun wuta daga ruwan ƙasa mai digiri 74 kacal, amma ruwan da suke sanyayawa da shi ya kusa zama ƙanƙara. Ke kuwa ruwanki zai kai digiri 80, iskarki 40, abin da zai zama wuta ba zai kai kashi 10 ba. Faifan sola na kasuwa yana mayar da kusan kashi 20 na hasken rana lantarki, babu farfela, babu abin da ke juyawa balle ya lalace. Ki sayi faifan sola da batir domin azuzuwa, ki ɗora tankin ɗumama ruwa daban a kan rufin ɗakin kwanan yara. Ki sa a riƙa goge faifan da safe, musamman in hazo ya sauka.