Shin ana iya mayar da manhajar PlayStation 4 baya da filash?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a Zariya, na rubuta ɗan wasan dara da hannuna, kuma burina in ga yana tafiya a kan PS4 ɗina. Na saye ta tana kan siga ta 9.00, sai ƙanena ya haɗa ta da intanet, ta sabunta kanta zuwa ta baya-bayan nan. Wani mai gyara a kasuwa ya ce in kai masa zai yi mata filashin ya dawo da ita ƙasa cikin rabin awa. Ina tsoron kada ta mutu a hannunsa, domin da kuɗin tari na saye ta. Yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam. Tsoron nan naka a kan hanya yake, kuma shawarata ta farko ita ce kada na'urar ta bar ɗakinka sai ka gama karanta wannan amsa.

Tunda ka san harkar, ba sai na yi maka bayanin dalilin da ya sa PS4 take ƙin duk manhajar da ba ta ɗauke da sa hannun Sony ba. Abin da ya shafe ka shi ne, kowace kafa da masu bincike suka gano, wato ɓarakar tsaro da ake bi a buɗe na'urar ta karɓi irin wannan manhaja, tana da iyakar sigar da take aiki a kanta. Kafar siga ta 9.00 ta fito a Disambar 2021, ana shiga ta ita da filash na USB, sannan a 2024 Andy Nguyen ya fitar da PPPwn wadda take kaiwa har 11.00 ta kebul ɗin intanet. Da zarar Sony ya san da kafa, sai ya toshe ta da sabuntawa, shi ya sa abin da ƙanenka ya yi ya zama asara.

Yanzu ga maganar filashin, wadda kusan kullum sai na ji ta, har ta ishe ni. Mutanenmu sun ɗauko tunanin gyaran wayar salula sun ɗora wa na'urar wasa, suna ganin duk abin da ke da manhaja ana iya wanke shi a zuba masa tsohuwa. PS4 ba haka take ba. Idan ka saka fayil ɗin PS4UPDATE.PUP na tsohuwar siga a filash ka ba ta, za ta duba lambarsa, ta ga ya gaza wanda take kai, ta ƙi karɓa. Babu wata manhajar kwamfuta ko lambar sirri da take sauya wannan, domin akwai wani ƙaramin aisi, wato ƙwayar lantarki, a kan allon cikin na'urar mai suna Syscon wanda yake riƙe da bayanin inda aka tsaya. Shafukan da suke tallar fayil na musamman mai saukar da siga kuwa, waɗanda suke sa mutum ya cike fom ko ya tura lambar wayarsa kafin ya sauke, damfara ce tsagwaronta, kuma sau da yawa abin da ake saukewa cuta ce ga kwamfuta.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, mai gyaran da bai san wannan ba yana iya lalata maka damar da ta rage. Na'urar tana ajiye manhajar tushe a gurbi biyu, ɗaya na wadda take aiki da ita, ɗaya na wadda ta gabace ta. Idan tsalle ɗaya ta yi daga 9.00 zuwa sabuwar, to akwai yiwuwar tsohuwar tana nan kwance a gurbi na biyu, kuma ƙwararre na gaskiya yana iya dawo da ita. Sai dai aikin na buɗe na'ura ne da narka dalma a ƙafafun Syscon, da kwafe abin da ke cikinsa da na aisin NOR, wato ma'ajiyar bayanan tushe, a adana kafin a taɓa komai, kuma ba kowane samfuri ne yake yarda ba. Shi kuwa mai rabin awa, idan tsohon fayil ya ƙi shiga, abin da ya saba yi shi ne ya shiga yanayin gyara ya sake zuba sabuwar manhajar, wai don ya wanke ta. Da ya yi haka, gurbin biyu sun zama sabuwa, wasanninka da ka adana sun tafi, hanyar komawa ta rufe. An taɓa kawo mini irinta a cikin leda, kusoshinta uku sun ɓata, an ƙona gefen allon da ƙarfe mai zafi, mai ita yana ta rantsuwa cewa an ce masa aikin minti talatin ne.

Saboda haka ka yi wa duk mai son taɓa ta tambaya biyu: shin zai buɗe ta, kuma zai ba ka kwafin Syscon da NOR kafin ya fara? Idan ya yi dariya ya ce ba sai an kai ga haka ba, ka ɗauki kayanka. Idan kuma ka samu wanda ya iya, ka tabbata yana da inbata ko batir, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu tana iya kashe na'urar.

Kafin nan, ka kashe sauke sabuntawa ta kai tsaye a saituna, ka cire ta daga intanet, ka kuma ja wa ƙanenka kunne. Ka sani cewa ko an yi nasara, buɗewar da ake yi ta kafar ba ta zama daram, duk lokacin da aka kashe na'urar sai an sake ta, kuma Sony yana iya rufe asusun wanda ya shiga PSN, dandalinsa na intanet, da na'urar da aka taɓa.

Wasan naka na dara kuwa, kayan aikin OpenOrbis ne za ka yi amfani da su wajen haɗa shi don PS4. Idan kana da abokin da ke da Xbox One ko Series, Microsoft ya tanadi yanayin masu ƙirƙira a hukumance, wanda ake yin rajista a kunna, ka gwada wasanka a talabijin ba tare da an kwance kusa ko ɗaya ba.